Arawa: Suna Yana Rajista, Yaro Yana Kasuwa

Dokar ilimin bai-ɗaya da aka sa wa hannu a 2004 ta yi wa kowane yaro a Najeriya alkawarin karatun shekara tara kyauta kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta haɗa da hukunci. Uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta za a fara ja masa kunne, in ya maimaita a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibin makarantar gwamnati, tararsa za ta iya kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Sama da shekara ashirin bayan haka, mai son ganin inda alkawarin ya kwana ba ya bukatar rahoton ƙwararru. Ya ratsa unguwar Arawa a birnin Gombe da hantsi, a ranar da makarantu ke buɗe, ya dubi shekarun masu ɗauke da farantin talla, da masu tura baro, da yaran da ke miƙa wa bakanike sifana. Da yawansu sun taɓa zama a aji. Wasu ma sunayensu na nan a rajista har gobe.

Mun zaɓi Arawa ne saboda uzurorin da aka saba kawowa a Abuja ba su da mafaka a can. Unguwa ce a cikin babban birnin jiha, birnin da ke da jami'ar jiha tun 2004, da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ta daɗe tana yaye malamai. Babu dajin da yaro zai ratsa kafin ya isa makaranta, kuma Gombe ta fi maƙwabtanta na Arewa maso Gabas zaman lafiya, shi ya sa ma dubban iyalan da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa suka sami wurin zama a unguwanninta. Tun da aka cire jihar daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba 1996 birnin ke faɗaɗa, gidaje na tsirowa a gefen kwaruruwan da zaizayar ƙasa ta haƙa, yara na ƙaruwa fiye da yadda azuzuwa da malamai ke ƙaruwa. Idan yaro zai bar karatu a irin wannan wuri, to dalilin yana cikin tsarin makarantar da kuma aljihun iyayensa.

Alƙaluman da ake yawo da su a tarurruka sun saba wa kunnen masu karatunmu. An daɗe ana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta. A 2022 hukumar UNESCO ta ce adadin ya haura miliyan 20 idan aka haɗa har da 'yan shekara 18. A 2024 asusun UNICEF ya kawo miliyan 18.3, ya kuma raba su gida biyu: miliyan 10.2 'yan shekarun firamare, miliyan 8.1 'yan shekarun ƙaramar sakandare. Kashi na biyun shi ne ba a cika tsayawa a kansa ba. Ana zuba yaron da bai taɓa taka ƙofar makaranta ba da wanda ya yi shekara biyar ko shida a ciki sannan ya fita a kwando ɗaya, alhali cutarsu daban ce, maganinsu ma daban. Na farko yana bukatar a shawo kan iyayensa a samar masa gurbi. Na biyu kuwa iyayensa sun riga sun amince sun kawo shi, makarantar ce ta kasa riƙe shi. Shekara da shekaru manufofin tarayya suna neman na farko, na biyu yana zurarewa ta ƙofar baya.

Gwamnatin Gombe ta cancanci a faɗi abin da ta yi. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi bayan hawansa mulki a 2019. Jihar tana cikin jihohi 17 da suka ci gajiyar shirin BESDA, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2017 kan dala miliyan 611, kuma gwamnatin ta sha bayyana cewa ta shigar da ɗaruruwan dubban yara cikin karatu ta hanyarsa, har da almajiran tsangayu da 'yan mata masu talla. Wannan aiki ne na gaske, ba mu raina shi ba. Sai dai shirin yana sakin kuɗi ne gwargwadon sakamakon da aka tabbatar, kuma sakamakon da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne yawan waɗanda aka shigar. Tambayar da ta dace da kowace jiha daga cikin 17 ɗin ita ce: yaran da aka rubuta sunayensu a 2019 da 2020, waɗanda ya kamata a ce yanzu sun kai ƙarshen firamare ko sun tsallaka gaba, nawa ne suke zaune a aji a yau? Wa'adin shirin ya ƙare, kuɗinsa ya ƙare, yaran kuwa suna nan suna girma.

Barin makaranta ba ya faruwa rana ɗaya. Yana farawa ne da fashin kwana biyu saboda ba a biya kuɗin jarrabawar ƙarshen zango ba, ko kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko don rigar makaranta ta yage. Doka ta ce kyauta ne, amma shugaban makarantar da ba a ba shi ko sisin gudanarwa ba dole ya samo alli da tsintsiya da takardar jarrabawa daga wani wuri, wurin kuwa aljihun iyaye ne. Muna ganin rashin adalci ne a yi barazanar ɗaure hedimastan da ya karɓi naira ɗari biyar, a ƙyale hukumar da ta bar shi hannu rabbana. Kuɗin ƙalilan ne a idon mai albashin matakin goma sha biyar a sakatariyar tarayya. A gidan mai 'ya'ya shida da ke rayuwa da abin da ya samo a yinin, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, zaɓi ne tsakanin kuɗin makaranta da mudun masara. Binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sanya mutum miliyan 133 a cikin ƙangin talauci mai fuskoki da yawa, kuma Gombe tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Akwai wani dalili da ya fi talauci ɗaci, wanda jami'ai ba sa son a ambata. Iyaye suna lissafi, kuma lissafinsu sau da yawa daidai ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 27 cikin ɗari kaɗai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta tushe, kashi 25 kuma ke iya lissafi na tushe. Uban da ya ga ɗansa ya kai aji biyar bai iya karanta sunan magani a jikin kwalba ba, sannan ya dubi ɗan maƙwabcinsa da ya shekara uku a shagon walda yana kawo cefane, ba jahilci ne ya sa ya sauya shawara ba. Tarurrukan wayar da kai da ake kashe miliyoyi a kansu, ana tara masu unguwanni da limamai a roƙe su su ja hankalin jama'a, suna ɗauka cewa iyaye ne ba su san darajar ilimi ba. Mutanen Arawa sun san darajarsa. Duk wanda ya sami ɗan hali a cikinsu yakan kai ɗansa makarantar kuɗi, ko da mai ɗaki huɗu ce a lungu, kuma da wuya a ga gidan da ba ya tura yara Islamiyya da yamma yana biyan kuɗin wata.

Daga nan sai gaɓar da ta fi cin yara, wato tsallakawa daga aji shida zuwa ajin farko na ƙaramar sakandare. A faɗin ƙasar nan, ƙananan sakandaren gwamnati ba su kai kashi ɗaya bisa uku na yawan firamarenta ba. Ma'ana, makarantu da dama ke juye ɗalibansu cikin guda ɗaya, wadda sau da yawa ta fi nisa da gida, tana bukatar kuɗin Keke Napep, da sabon yunifom, da littattafai masu tsada. A daidai wannan shekarun ne kuma yarinya ke fara girma, uwarta ke fara tunanin kayan ɗaki, talla ke zama hanyar tara su. Makarantar da ba ta da bayan gida mai ƙofa ko ruwa tana korar 'yar shekara goma sha uku ba tare da kowa ya ce mata ta tafi ba. Babu wata takarda da ke bin yaro daga rajistar firamare zuwa ta sakandare. Hedimasta ya sallame shi, shugaban sakandare bai san da zuwansa ba balle ya neme shi, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kuma ba ya haɗa jerin sunayen biyu ya ga wa ya ɓace.

Mutanen Gombe sun san inda wasu daga cikin samarin ke ƙarewa. Sunan 'yan Kalare ya daɗe da fita daga jihar, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi nazari a kansu a rahotonta na 2007 kan tashin hankalin siyasa a Najeriya. Ba kowane yaro da ya bar aji ke ɗaukar makami ba, mafi yawansu neman halal suke yi cikin wahala. Amma 'yan siyasar da ke neman zauna-gari-banza a lokacin zaɓe ba sa zuwa ɗakin karatu neman su.

Za a ce firamare hurumin jihohi da ƙananan hukumomi ne, me ya shafi ma'aikacin tarayya? Ya shafe shi ta hanyar kuɗi, domin yadda Abuja ke raba kuɗi shi ke koya wa jihohi abin da za su ba muhimmanci. Doka ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kaso tallafi ne da jiha ba za ta taɓa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma akasarinsa gine-gine da kujeru ake yi da shi. Ba a biyan albashin malami daga ciki. A ƙarshen 2024 hukumar da kanta ta shaida cewa sama da naira biliyan 135 na irin wannan tallafi na shekarun 2020 zuwa 2023 suna kwance jihohi ba su ɗauka ba. Ga kuɗi a ajiye hauhawar farashi tana cin su, ga yara ana korar su saboda kuɗin takardar jarrabawa.

Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita, matakin gwamnatin da ya fi kowanne rauni. Ƙidayar ma'aikata da UBEC ta yi a 2018 ta gano giɓin malamai sama da 277,000 a matakin ilimin tushe. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022, malami zai iya kaiwa shekara 65 ko shekara 40 yana aiki. Albashin na musamman kuwa mafi yawan malaman firamare har yanzu a jarida kawai suka gan shi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da tsohon tsoron malamai, domin sun tuna shekarun da shugabannin ƙananan hukumomi ke riƙe albashinsu wata da watanni. Masu karatunmu ba sa bukatar zuwa Gombe su ga misali. A nan Babban Birnin Tarayya malaman firamaren gwamnati sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi. Yara nawa ne ba su dawo ba bayan an buɗe makarantun? Wannan lissafi ne da ya kamata a ce hukumomin ilimi na birnin sun yi sun kuma bayyana.

A nan muna da magana ta musamman da hadiman 'yan majalisa, waɗanda su ne ke tsara jerin ayyukan mazaɓu kafin maigida ya sa hannu. Kowace shekara sai an cusa ginin azuzuwa biyu ko uku a kasafi, domin gini yana ɗaukar allo mai suna da hoto, ana yanka masa kyalle, ana ɗaukar bidiyo. Malami ba ya ɗaukar allo. Rijiyar burtsatse da bayan gidan 'yan mata ba sa jawo taro. Sakamakon haka ake samun sabon fenti a waje, a ciki kuma malami ɗaya yana fama da yaran da ba zai iya sanin sunayensu ba. An ga ƙarshen wannan tunani a makarantun almajirai 157 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato da aka buɗe a 2012. An gina, an miƙa wa jihohi, ba a tanadi kuɗin malamai da abinci mai ɗorewa ba, da yawansu suka koma kango. A 2023 aka kafa sabuwar hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna yi mata fatan alheri, amma idan ita ma za a auna ta da yawan waɗanda ta shigar ne kawai, za ta maimaita abin da aka yi.

Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016 shi ne abu guda da ya taɓa aljihun iyaye kai tsaye. Yana da aibobinsa: naira 70 ce kuɗin kwano, daga baya aka mayar 100, abin da a yau ba ya sayen ƙwai guda, kuma 'yan aji ɗaya zuwa uku kaɗai ya shafa, wato yana tsayawa tun kafin shekarun da yara ke fara ficewa. Duk da haka malamai sun ga azuzuwa sun cika a ranakun da abinci ke zuwa. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a saboda zargin almundahana a ma'aikatar jinƙai. Manya suka yi laifin da ake zargi, aka ɗauke kwanon yara. Indiya ta bi wata hanya: a Nuwamban 2001 Kotun Ƙolinta ta umarci jihohi su riƙa ba 'yan firamaren gwamnati dafaffen abinci, abin ya zama haƙƙin da ba a dakatarwa da sanarwar ofis.

Brazil ma tana da darasin da ya dace da tsarinmu na tarayya. A ƙarshen shekarun 1990 ta kafa asusun da ke raba kuɗin ilimi gwargwadon yawan ɗaliban kowace jiha da ƙaramar hukuma, ta kuma wajabta cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari su tafi ga albashin malamai. A 2003 ta ɗaura tallafin kuɗin da take ba iyalai matalauta da sharaɗin yaro ya halarci aƙalla kashi 85 cikin ɗari na ranakun makaranta. Abin lura a nan shi ne sharaɗin ya tilasta wa gwamnati sanin wane yaro ne ya zo yau, wane ne bai zo ba. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda aka faɗaɗa zuwa Gombe a 2023, yana da wani abu makamancin haka, da ginin ƙananan sakandare da tallafin kuɗi. Sai dai bashi ne na Bankin Duniya mai wa'adi, kuma abin da aka gina a kan bashi yakan tsaya ranar da bashin ya ƙare.

Wani ɗan gyara ga masu rubuta jawabai: kashi 26 cikin ɗari da ake yawan cewa UNESCO ta wajabta wa ilimi a kasafi ba shi ne ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi ba. Abin da aka cimma a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Ko wannan ɗin ma kasafin tarayya bai kusance shi ba, shekaru da dama yana ƙasa da kashi 10. An sha gabatar da ƙudurin ƙara kason UBEC a majalisa, kuma muna goyon bayan ƙarin. Amma ƙara ruwa a tulun da ke yoyo ba ya cika shi. Gyaran dokar 2004 ya kamata ya buɗe ƙofar amfani da wani yanki na tallafin wajen ɗaukar malamai da kuma ba kowace makaranta kuɗin gudanarwa kai tsaye gwargwadon ɗalibanta, a asusun da kwamitin iyaye ke gani, sannan a sami bakin hana karɓar kuɗi a hannun yara. Kason da ake warewa don saka wa jihohi masu ƙwazo, wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na asusun ba, ya kamata ya ƙaru, a kuma ɗaura shi kan yawan yaran da suka tsallaka daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare suka kammala, tare da gwajin karatu da wata hukuma mai zaman kanta za ta yi.

Akwai abin da ba ya jiran majalisa. Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, da shugabar UBEC, Aisha Garba, suna yawan magana kan gina manufofi bisa sahihan bayanai. Gwajin wannan magana mai sauƙi ne kuma mai arha. A ɗauki unguwa ɗaya kamar Arawa, a karɓi jerin sunayen duk waɗanda suka gama aji shida a makarantun gwamnatin da ke cikinta da kewaye a bara, a gwama da rajistar ajin farko na ƙananan sakandaren yankin a bana. Sunayen da ba su bayyana ba a miƙa wa masu unguwa da kwamitocin makarantu su bi gida-gida su ji dalili: kuɗi ne, nisa ne, aure ne, ko sana'a. Aikin ma'aikata biyu ne na mako biyu, tare da haɗin kan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Gombe. Abin da aka samu a buga shi a fili, a kuma wajabta wa kowace jiha irinsa kafin a sakar mata tallafin shekara mai zuwa.